Birki Mai Hon a Ƙofar Suruki

Jama'a, ku ji abin da fitila ta ja mana yau!

Maigidana Baban Hauwa ya ce da kansa zai haɗa wa akori-kurarsa sababbin fitilu. Ashe ya haɗa wayar hon da ta birki! Muka taso daga Yelwa za mu gaida Babana a Wara. Duk inda ya taka birki, sai piiim!

Da muka iso ƙofar gidanmu na ce, "Malam, a hankali, ƙofar surukinka ce fa."

Ya ce, "Wallahi ba ni ba ne!" Duk ya jiƙe da zufa.

Sai ga mata da guɗa, wai an kawo amarya! Baba ya leƙo ya ce, "Shekara ashirin da ɗaukarta, sai yau za ka yi mata hon?"