Ƙibar da Yayana Ya Yi

A shekarar da sojoji suka sauke ɗan garin Shagari daga shugabancin ƙasa, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi, a ita ce yayana ya fara ƙiba. Manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Lambara, siriri tun muna yara, Allah Ya jiƙansa.

A kasuwar Boɗinga akwai wani mai allura. Share-share ya taɓa yi a wani ɗakin shan magani, ya baro wurin da farar riga da sirinji guda, ya naɗa wa kansa likita. Allurarsa ɗaya ce tal. Ya tsira wa mai tari, ya ɗauraye ta a gwangwanin madara, ya tsira wa mai ciwon baya. Kwalaben nan nasa kuwa, ko rubutun jikinsu ba ya iya karantawa, da launi yake bambance su. Shekara uku yayana yana zuwa karɓar abin da mutumin yake kira allurar ƙarin jini, har ya riƙa janyo masa 'yan ƙauyensu.

Da fuskar Yaya ta cika, ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi, sai mai allura ya samu abin talla. Duk ranar kasuwa sai ya tsayar da shi gaban rumfa, ya ja kumatunsa kamar mai tayin rago, yana gaya wa jama'a su dubi aikin hannunsa, a shekarar da kowa ke ramewa. Yaya ya yi ta murmushi, ya ɗauka yabo ne.

Ni na fara tsarguwa ranar da na ga inda ya yi fitsari bayan rumfar albasa, kumfa ta taru kamar an yi wanki, ta ƙi kwanciya. Na lallashe shi muka tafi asibiti a Sakkwato. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Wani ciwon hanta da suke kira B ya daɗe a jininsa ba a sani ba, shi ya taɓa ƙoda har take zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Ya ce ba zai rantse a kan inda aka ɗauko shi ba, wataƙila tun ƙuruciya ne, amma allura ko aska da ake yi wa mutane da yawa ita ce babbar hanyarsa. Na rubuta bayanin da ajami a bayan katin asibiti don kada in rage ko in ƙara.

Yaya bai damu da mutuwa ba kamar yadda ya damu da mutanen da kumatunsa suka janyo. Ya ce lallai a mai da shi kasuwa. Muka ɗora shi a kan jaki.

Mun iske layi har bakin hanya. Mai allura ya taso da fara'a, hannu a miƙe zai kama kumatu. Yaya ya janye wandonsa zuwa gwiwa.

"Likita, yau ba nan ba. Danna ƙwabrin ga."

Ya danna, don bai san abin da zai gani ba. Yatsansa ya bar rami, ramin ya ƙi cikewa. Jama'a suka matso suna kallo. Yaya ya sa na karanta katin da ƙarfi, na karanta sau biyu. Mai allura ya soma cewa rubutun allo ba shi da hurumi a aikin likitanci, amma wata tsohuwa ta riga ta janye jikarta daga layi, sauran suka bi ta.

"Shekara uku kana nuna ni ga mutane," in ji Yaya. "Yau ni ma na nuna ka. Ba ka bi na, ba ni bin ka. Na yafe maka nawa, nasu kuwa ka neme su."

Ya saki wandonsa, ya ce in juya jakin.