Mai Zubar da Alewa

A kasuwar gwanjo ta birnin Vienna, Gerlinde mai tsofaffin kayan wasa tana hararar wani dogon dattijo mai farar safar hannu. Yana jujjuya wata 'yar robar alewa ta yara mai kan agwagwa, wadda in an danna kan sai alewa ta fito.

"Tsohuwar ƙira ce, marar ƙafa," in ji shi, yana busa mata hayaƙin sigari a fuska. "Kin san don masu son barin taba aka fara yin alewar nan?"

"To, Yallaɓai, me ya hana ka sha alewar?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya biya, ya zazzage alewar a ƙasa, ya naɗe robar cikin auduga.

Gerlinde ta ja tsaki. Ta tabbata gidansa cike yake da irin waɗannan robobin da yake tarawa, kuma babu yaron da ya taɓa shiga.