Ranar da Aka Tsayar da Agogon Shagona

Labarin rasuwar yayana ya same ni a unguwar Mahjar, nan ƙasar Larabawa, ina karɓar katan-katan na madarar gari. Na yi salati, na ci gaba da sauke kaya. Fasfona yana wajen kafili, wato Balaraben da ya tsaya mini, kuma ko yana hannuna, kafin in isa Katsina an binne yayan nawa. Kwana uku ban kira matarsa ba. In ɗauki waya, in ajiye. Ba abin da nake ji a raina, to me zan ce mata?

Rana ta huɗu wakilin kamfanin madarar ya zo shagona, wani dattijon Bature ɗan ƙasar Ayalan, mai karyayyen Larabci. Maƙwabcina ne ya gaya masa. Baturen ya sauke ƙofar shagon rabi, ya taka kujera, ya cire batirin agogon bango.

"Haka muke yi a garinmu, ya hajj," in ji shi. "Agogo ya tsaya, mutane su zauna."

"Ina da masu saye."

"Halas, shi ke nan. Madara ba ta gudu."

Da kansa ya dafa shayi, baƙi ƙirin, ya zuba madara. Ya ce su ba sa sallamar mamaci da yabo kaɗai, sai an zauna an tuna tsiyarsa an yi dariya. "Yalla, faɗa mini, me ya taɓa yi maka?"

Mu addu'a muka sani, da rufa wa mamaci asiri. Amma mutumin ya zauna, ba shi da niyyar tashi. Na ba shi labarin yadda muna yara na ba yayana tunkiyata ya ba ni kekensa, sannan ya ci gaba da hawa, wai sirdin ba ya cikin cinikin. Baturen ya yi dariya har da tari. Daga nan ya rufe ido ya rera wata waƙa a harshensu, a hankali. Ban gane ba, ban yi kuka ba. Na dai lura shayin ya yi daɗi.

Bayan azahar na kira matar yayana.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Da godiya."

Da na rasa abin faɗa, sai na ba ta labarin keken.

Ta ce, "Ni kuwa ce mini ya yi tunkiyar gurguwa ce."

"Gurguwa ce," na ce.