Takalmin Da Ya Yi Yaji

Ko da zan manta komai na zamana a sakandare, ba zan manta ranar da takalmina ya wanke wata yarinya daga zargin sata ba.

Muna aji biyu na babbar sakandare a Minna lokacin da malamarmu ta Hausa ta kawo darasin adon harshe. Ta cika allo da sunaye. Kamantawa, in ka haɗa abu biyu da "kamar" ko "tamkar". Siffantawa, in ka ce wane zaki ne kai tsaye. Mutuntarwa, in ka ba abin da ba mutum ba halin mutane. Ta nuna mana baiti, da amsa-amo, wato sautin da ƙarshen layuka ke komawa gare shi. Sannan ta ce kowacce ta rubuto waƙa a kan damina, wadda ta fi kyau ita za ta wakilci makaranta a gasa.

Wadda ta fi kyau ta fito daga inda ba a zata ba, wajen abokiyar zamana, wata Bafulatana da mahaifiyarta ke sayar da nono. Benci ɗaya muke, keke-napep ɗaya muke shiga zuwa unguwarmu, Maitumbi, amma da ni da ita ba mai yawan magana. Malama ta karanta baitin farko:

Hadari ya ɗaure fuska ya tare mana hanya,
Kwata ta cika ta batse kamar nono a ƙwarya.

Sai ta cire tabarau, ta daɗe tana kallonta. "Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Malama."

"Ke da kika faɗi gwajin adon harshe makon jiya?"

Monita ta ɗaga hannu. "Malama, yayanta fa yana da babbar waya." Aji ya kwashe da dariya. Malama ta ce ranar Juma'a za ta titsiye ta a gabanmu. In ta tabbata kwafa ta yi, za a cire ta daga gasar, a kuma faɗi sunanta a taron safe a gaban makaranta duka.

Ni mai kallo ce tun ina ƙarama, don haka na sa mata ido. A cikin keke na ga leɓenta na motsi ba sauti, yatsunta na buga ƙarfen gefe a hankali. Na ce a raina, hadda take yi, kada a kama ta. Na ga ta daina cin awarar da take saye a bakin ƙofa, na ce tsoro ne. Na ga idonta ya yi ja, na ce nadama ce. A ƙarshe dai na kasa haƙuri, na yi ƙasa da murya na ce, "Don Allah, da gaske ke kika yi?"

Ta juyo ta dube ni. "Har da ke?" Sai ta mayar da fuskarta titi har muka sauka.

Ranar Juma'a Malama ta tsayar da ita a gaban allo. "Nuna min mutuntarwa a waƙarki." Yarinyar ta bi layukan da ido, ba ta nuna ko ɗaya ba. "To ina kamantawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce sunayen ne ba sa zama mata.

"Ikon Allah," in ji Malama. "Kin yi miya, amma ba ki san sunan kayan da kika zuba ba?" Monita har da buga benci. Malama ta ce za ta bi sauran baitocin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba mu taɓa ji ba, don kada a ce ba ta yi adalci ba. Tana cikin karantawa ta iso nan:

Takalmi mai fil a kunne ya yi yaji a tsakar hanya,
Ya bar ƙafa cikin leda tana kuka ita ɗaya.

Takalmina ne. A farkon daminar nan ruwa ya kama mu, ina saukowa daga keke ruwan kwata ya fizge min sandal ɗin ƙafar hagu, wanda maɗaurinsa ya tsinke na maƙale shi da fil. Abokiyar zaman nawa ce ta ba ni baƙar leda na ɗaura, na ɗingisa har gida. Na roƙe ta kada kowa ya ji, don na san 'yan ajinmu.

Wayar wa za ta san da fil ɗina? Amma in na yi magana, sunana ya zama mai leda har in gama makaranta. In na yi shiru, sunanta ya zama ɓarauniya. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Tana da shaida a zaune a bencinta, ta ƙi kira.

Na miƙe. "Malama, ƙafar tawa ce."

Na ba da labarin duka, aka yi dariyar da na ji tsoro, har da ƙari. Malama ba ta yi ba. Ta miƙa wa yarinyar alli ta ce, "Ƙara min baiti ɗaya, amsa-amon nan dai." Leɓenta ya fara motsi, yatsunta na buga gefen allo, daidai yadda na gani a keke. Ashe ba hadda ba ce, haka take auna layi. Ta rubuta:

Allo ya ga komai amma ya ƙi ba da shaida don kunya,
Sai da ƙafa ta yi magana aka gane gaskiya.

Malama ta ja layi a ƙarƙashin "allo ya ga komai" ta ce, "Wannan ita ce mutuntarwa, 'yata. Kina da ita, sunanta ne ba ki sani ba. Ki yafe ni."

Ita ta je gasar. Ni kuwa "Mai Leda" ya bi ni har na bar makarantar. Abin da na koya shi ne, sanin sunan abu daban, iya shi daban. Kuma idon da ya riga ya yanke hukunci, komai ya gani shaida ne a wajensa. Har yau in na ji zargi ya fara taso min a kan wani, sai in tuna na taɓa kallon yarinya tana saƙa waƙa a gabana, na ce sata take ɓoyewa.