Ni Na Raba Marayanmu Da Nono

Edita, ina yi maka sallama, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A shekarun da ake allurar rigakafin korona ni malama ce a Islamiyyar matan aure ta ƙauyenmu, arewa da Bici. Na yi karatun koyarwa, kuma duk unguwarmu ni kaɗai ce mace mai babbar waya. Takardar asibiti ni ake kawo wa, labarin duniya a bakina ake ji, in na ce abu ya zauna. Wallahi kaina ya kumbura, har haushi nake ji in aka tambayi wani ina wurin.

Ana tsakiyar girbin gero matar ƙanena ta haihu, jini ya ɓalle mata, kafin a kai ta asibiti ta cika. Ta bar jariri namiji. Innarmu ta ɗauke shi, to amma tsohuwa me za ta ba shi? Sai maƙwabciyarmu, mai goyon 'yar wata huɗu, ta shigo ta karɓe shi ta sa masa nono, ba wanda ya roƙe ta. Mace ce marar hayaniya, tana sharar ɗakin shan magani na garinmu. Kullum sai ta shigo sau biyar ko shida, kafin arba'in yaron ya yi ɓulɓul, har Inna na yi masa tsiya wai ya fi ubansa kumatu.

Ana haka wani saƙon murya ya shigo wayata. Wani mutum ne da ya ce shi likita ne a ƙasar waje, yana Hausa yana surka Turanci, wai an gano ragowar DNA a cikin allurar korona, wato guntattakin ƙwayoyin halitta da suka rage wajen haɗa ta, kuma suna shiga jini su canza mutum da zuriyarsa. Ko kalma ɗaya bai faɗa a kan nono ba, ni na ƙara nawa. Ni ce mai koya wa mata cewa shayarwa tana ƙulla zumunci ta haramta aure kamar yadda jini ke yi. Sai na ce to ai shi ke nan, abin da ya shiga jikin maƙwabciyar nan zai bi nono ya shiga ɗanmu, ya tashi da jinin wasu da ba mu san ko su waye ba. Na kuma san an yi mata allurar har sau biyu a wurin aikinta.

Ban je na same ta a ɗaki mun yi magana ba. A cikin aji, gaban mata, ita ma tana zaune cikinsu, na kunna saƙon, sannan na ce akwai wata a cikinmu da ta sayar da jininta saboda aikin shara, kuma take ɗura wa marayan mutane gurɓataccen nono. Duk aka juya ana kallonta. Ta tattara hijabinta ta fita. Da na koma gida na ce kada a sake ba ta yaron, ƙanena ya tambaye ni to me yaron zai sha, na ce shi da ko firamare bai gama ba ne zai yi mini musu? Inna ta ce a bi a hankali, na ce mata in jikanta ya lalace alhakin yana wuyanta. Suka sakar mini, na ci nasara.

Washegari da hantsi ta zo kamar yadda ta saba, na tare ta a zaure. Yaron yana ta tsala kuka a ciki, ita kuma gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nono yana zuba saboda jin muryarsa. Ta durƙusa tana kirana Malama, ta ce don Allah in bar ta ta ba shi ko sau ɗaya, ai nonon ne 'yarta ma take sha. Na ce abin da ta yi wa 'yarta ita ta jiyo, namu dai ba za ta lalata shi ba, na turo ƙyaure. Kwana uku tana dawowa, a na ukun na ce in na ƙara ganin ƙafarta sai mun haɗu a gaban mai unguwa.

Muka koma yi masa ɗura da kunu da madarar shanu da muke sirkawa da ruwan rijiya. Gudawa ta kama shi, idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa. Inna ta ce a tafi asibiti, na ce a'a, dattin allurar ne yake fita. Sai da kukansa ya daina fitowa muka hau mota. Likitar da ta duba shi ta tambayi wa ke shayar da shi, ni kuwa na gyara tsayuwa na zayyana mata iliminna. Ta yi mini wani kallo da har in mutu ba zan manta ba. Ta ce maganar ragowar nan masana sun san da ita, ɗan mitsitsin abu ne da ake aunawa, jiki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da na cikin abincin da muke ci kullum, ba ya canza jinin kowa balle zuriyarsa. Ta ce maza a ɗauko matar.

Ƙanena ya hau babur ya ɗauko ta, da 'yarta a baya. Ko kallona ba ta yi ba, ta zauna ta sa masa nono a baki, amma ba shi da ƙarfin tsotsa. Tana matsa masa yana gangarowa ta gefen bakinsa. Kafin la'asar ya rasu a cinyarta.

Mutane sun ce kwanansa ne ya ƙare, na san haka ne, amma na san hannun da ajalin ya bi ta kai. Na nemi gafarar matar ta ce ta yafe, ƙanena kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na bar koyarwa, don na gane ɗan karatun da na yi bai mayar da ni likita ba, girman kai kawai ya ƙara mini. 'Yan'uwa, in saƙo ya tsorata ku, ku kai shi wurin masu aikin lafiya kafin ku yanke hukunci a kan ran wani, kada kuma ku jingina zatonku da addini. Kwana goma sha ɗaya yaron nan yana kukan yunwa, abincinsa yana bayan katangarmu, ni ce na tsaya a bakin ƙofa.