Ranar da Muhsina Ta Kira Sunan Surukinta

Muhsina 'yar Roni ce, 'yar wani tela da ya so ta gaji keken ɗinki, ita kuwa ta ƙeƙasa ƙasa ta tafi Kazaure koyon kwamfuta. Ta kuwa koya, har ta kai tana rubuta manhaja da kanta. Da ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti, ita ta raba su da tsohon littafin layi mai maiƙo. Ta ƙera wata taga a kwamfutar ofis, da umarnin da ke ɗauko sunan wanda layi ya zo kansa da garinsu, ya rubuta da manyan baƙaƙe. Sama'ilu masinja ya leƙa, ya karanta, ya fita ya ƙwala kira. Shi Sama'ilu duk abin da taga ta ce gaskiya ne. Da za ta rubuta masa ya mutu, lokacin jana'iza kawai zai tambaya.

To, wannan baiwar Allah da ke yi wa mai gyaran janareta tsawa, kunya ce da ita kamar ta kashe ta. Shekara shida da aurenta da Ukasha ɗan Gwiwa, sunansa bai taɓa fita bakinta ba, balle na mahaifinsa, Malam Muhammadu Lawal.

Da yanar ido ta rufe wa tsohon gani, aka sa shi a rajistar aikin ido. Nan Muhsina ta tuna sunansa zai fito a tagarta tsirara, kuma da umarnin da hannunta ya rubuta. Ta ji kamar ita ce za ta faɗa. Sai ta ƙara layi ɗaya a cikin umarnin: duk inda aka ga wannan suna, a rubuta Baba. Sunan ma ba ta buga shi ba, kwafo shi ta yi daga rajista tana kallon rufi.

Likitocin ido baƙi ne, yini ɗaya za su yi, sai kuma baɗi. Tsofaffi suka cika gindin darbejiya. Bayan la'asar babban likita ya ce mutum ɗaya ya rage masa. Muhsina ta danna, taga ta rubuta: BABA, GWIWA.

"Baba daga Gwiwa!" in ji Sama'ilu.

Tsoho goma sha ɗaya suka miƙe, don kowannensu baban wani ne. Suka toshe ƙofa, sanduna na karo, kowa na rantsuwa shi aka kira. Malam Muhammadu Lawal kuwa mutum ne mai bin doka. Bai ji sunansa ba, bai motsa daga tabarmarsa ba.

Nas ta leƙo a fusace. "Wane Baban? Suna nake so in duba kati. In babu, a kira na gaba."

Gyaran umarnin sai an rufe manhaja, layi kuma ya watse. Hanyar fita babu. Hankalin Muhsina ya tashi, don ta san in ta yi shiru tsohon zai ƙara shekara guda cikin duhu saboda tarbiyyarta. Ta haye benci, ta runtse ido, ta saki muryar nan da take yi wa mai janareta tsawa da ita.

"Muhammadu Lawal! Taso!"

Tsohon ya zabura har hularsa ta faɗi. Ita kuwa ta sauko ta shige bayan kwamfuta, tana fatan ƙasa ta tsage.

Washegari aka kwance masa bandeji. Ya daɗe yana kallon 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya kan wadda ta durƙusa can nesa.

"Muhsina, ke ce jiya?"

"Baba, ka yafe mini."

"Me zan yafe? Shekara arba'in ke nan daga Malam sai Baba. Tun rasuwar Inno mahaifiyata babu wanda ya kira ni haka, har da tsawar. Wallahi na ɗauka awaki na bari suka shiga gona."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Sabon idon ya ciko, nas na ta faɗan kada ya murza.

Ran Litinin Muhsina ta goge layin nan da ta ƙara a umarnin. Amma har yau, duk ranar da ya zo a duba shi taga ta rubuta sunan, rufi take kallo.