Malamar Da Ta Koya Wa Yaranmu Zana Nisa

Ranar Talata, 14 ga Janairu, da sassafe, ina kankare ƙanƙara daga gilashin motar makarantar da nake tuƙawa, mijinki Orest Dubyk ya kira ni ya ce, "Merv, Olena ta tafi." Malama Olena, kin rasu kina da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. A littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, layi ɗaya na iya rubutawa ran nan. Yau nake cika sauran.

Shekara ashirin da shida kika yi kina koya wa yaran garin nan zane, kowace Asabar, a ɗakin ƙasa na laburare. Shekara shida daga ciki muna tare. 'Yata Tannis na kai ajin, kika hango ni a mota ina jira, kika ƙwanƙwasa gilashi. "Direba, mai kawai kake ƙonawa. Shigo ka wanke mini burushi."

Yaranmu sun tashi a shimfiɗaɗɗen filin Saskatchewan na ƙasar Kanada, inda sama ke saukowa har ta taɓa gona. Amma kowannensu in ya ɗauki takarda, sai ya shafa ɗan shuɗi a can sama, ya jera gida da kare da rumbun alkama a layi ɗaya, duk tsayinsu guda. Ban taɓa ganin kin gyara wa yaro zane da hannunki ba. Cewa kike a sa riguna da huluna, ki kai su bayan shingen layin dogo, komai sanyi.

"Miƙa hannu, rufe ido ɗaya. Babban yatsanka ya rufe rumbun garin gaba? To, Brody, ashe ka fi rumbu girma, shi ya sa abinci ba ya isar ka!"

Su kwashe da dariya. Daga nan su gani da idonsu yadda ƙarafan dogo ke matsowa har su haɗe, turakun lantarki na gajarcewa, launin abin da ke nesa yana dusashewa. In sun koma ciki, takardunsu sun sami gaba da baya.

Ranar 8 ga Disamba na je duba ki. Kin rame, amma muryar tana nan. Kika ce, "Ajin nan naka ne."

Na ce, "Malama, a sakandare na tsaya. Ni da in na zana doki yake komawa tebur?"

"Wa ya ce ka zana? Waje za ka fitar da su. Kullum hanya na tsukewa a gabanka, wa ya fi ka sanin ta?"

Ban amsa ba, kuma wannan shirun ya dame ni. Bayan an binne ki, shugabar laburare, Madam Friesen, ta gaya mini in wata ya ƙare ba wanda ya karɓi ajin, ɗakin zai koma ma'ajiyar kujeru. Na raba shafin littafina biyu. Dalilan ƙi suka kai tara. Dalilin karɓa ɗaya ne: ke kika nema.

Asabar, 25 ga wata, na ce bari in gwada sau ɗaya. Yara goma sha ɗaya suka zo. Na kai su bakin shinge, na manta ban ce a rufe ido ba, sai da Brody ya tuna mini. Da muka dawo, wata 'yar shekara bakwai, Shayla, ta zana dogo da turaku, can inda ƙarafan suka haɗe kuma ta sa mace mai jar riga irin taki, ba ta wuce ƙwayar alkama ba.

Na ce, "Shayla, ai kin yi Malama ƙarama."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baban Tannis, ba ƙarama ba ce. Nisa ta yi."

Kafin in tafi gida na karɓi makullin ɗakin daga hannun Madam Friesen. Wannan ce amsata, Malama, ko da ta makara. Har yau ban iya doki ba, amma na san hanyar bakin shinge.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sanya ki cikin rahamarsa. Ya ba Orest da 'yarku Marusia da jikokinki haƙurin wannan rashi, ya ba yaran Asabar da mu duka dangana. Amin.